Bindigar airsoft ta farko: wacce ce filin cikin gida zai bari ka shiga da ita?

Airsoft wasa ne na harbin juna da bindigogin da ke fitar da ƙananan ƙwayoyin roba. A filayensa na cikin gida a Ingila, irin tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya da aka mayar wurin wasa, ba kyan bindiga ake fara dubawa ba. Kafin ka taka ciki, mai kula da fili zai sa ka harba ta cikin wata 'yar na'ura mai auna gudun ƙwaya. In lambar ta haura iyakarsu, sai dai ka mayar da taka jaka ka karɓi ta haya, ko nawa ka saye ta.

Ana rubuta iyakar da fps, wato ƙafa nawa ƙwayar robar ke ci a daƙiƙa ɗaya, kuma da ƙwaya mai nauyin giram 0.20 ake lissafin. Lambobi biyu za ka fi ji. 328 fps mita 100 ke nan a daƙiƙa, ƙarfin jul 1 cif (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙwayar ke fita da shi). 350 fps kuwa ya kai jul 1.14. Dokar 2017 ta ƙasar ta tsayar da jul 1.3 ga mai ɓarin wuta, 2.5 ga mai ɗai-ɗai, amma ƙa'idar fili ta fi doka tsauri, domin a lungun ɗaki daga 'yan taku kaɗan ake harbin juna. Saboda haka fara da tambayar filin da za ka riƙa zuwa, sannan ka nufi kanti.

Doguwar nan mai madubin hange da ake ɗana wa da hannu, manta da ita. Yawancinsu na dosar 500 fps, na daji ne.

Mai batir, wadda ake kira AEG, ita nake ba sabon shiga shawara a kai. Wani ɗan injin lantarki ne a ciki yake janye fistin ya matse sifirin, don haka ƙarfinta ɗaya ne ko ana zafi ko ana sanyi. Sifirin ɗin ma da lambarsa: M90, M100, M120, kusan mita nawa zai tura ƙwaya a daƙiƙa. M90 zai shige ko'ina, M100 yana kan gaɓa, M120 ba na ɗaki ba ne. A nan ne abin da ya fi komai daraja yake, wato bindigar da ake zare sifirinta ta baya ba tare da an farke cikinta ba. Jerin Edge na kamfanin Specna Arms suna da wannan, kana iya sauya shi cikin 'yan mintuna. Kamfanin G&G kuma suna da ARP 9, gajeriya ce da aka ƙera don kwana-kwanar ɗaki, ba ta karo da bango in za ka leƙa ƙofa. Kamfanin Tokyo Marui na Japan, waɗanda suka fito da AEG ta farko a 1991, nasu ba sa kai jul 1 saboda dokar Japan ta tsaya a 0.98. Da wuya a kore ka da ita, sai dai tsada, ga jikin yawancinsu roba ne, abin da ke sa wasu yara raina ta har sai ta same su a yatsa.

Mai gas ta fi daɗin harbi, tana dukan kafaɗa, tana ƙara. Matsalarta ba ta da alƙawari. Gas ɗin da ake cewa kore (green gas) furofen ne, irin na girki, da ɗan man silikon, kuma matsinsa na bin yanayi: da safe cikin sanyi ta ba ka 300, rana ta yi ta haura. Masu aiki da iskar CO2 sun fi saurin tsallake iyaka. Akwai kuma wani abu da ke kama mutane ba da saninsu ba. In ka zuba wa mai gas ƙwaya mai nauyi, kamar 0.30, fps zai sauka amma jul na iya hawa, shi ya sa filaye da dama suka koma aunawa da ƙwayar da za ka yi wasa da ita. Mai tulun iska a baya, HPA, ana saita ta yadda ake so, amma kuɗin tulu da tiyo da abin daidaita matsi sun yi wa mai koyo yawa.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwali. Samfuri ɗaya kan zo da sifirin dabam gwargwadon ƙasar da aka kai shi. Ka ce mai kanti ya auna a gabanka, kuma ka bar rata: in iyaka 328 ce, nemi mai 310 zuwa 315, don na'urar kanti da ta fili ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba.

Sayen ma da sharaɗi. Sai ka cika shekara 18, kuma dokar 2006 ta hana sayar da mai kama da ta gaske ga wanda ba shi da hujja. Hujjar da aka fi sani ita ce rajistar UKARA, ƙungiyar masu sayar da kayan airsoft ta Birtaniya, bayan ka yi wasa sau uku a fili ɗaya cikin lokacin da bai gaza kwana 56 ba. Kafin nan sai mai fenti mai haske, ko haya. Ni dai haya na fi so maka, kuɗin da ya rage ka zuba a tabarau mai tambarin jure bugu na EN166 B da ragar rufe baki, domin ƙwayar jul 1 daga kusa tana fasa haƙori.