Wace bishiya za ka saya wa gonarka?

Mai gona in ya shiga wurin masu rainon itatuwa, idonsa kan fara sauka ne a kan dashen da ya fi tsawo da ganye shar. Ni dai shawarata, kafin ka sa hannu a aljihu ka tsaya ka gane abin da ke damun gonar. Ƙasar ce ta gaji, ko iska ke kwashe ta, ko ruwa ke zaizaye ta? Bishiyar da ta raya gonar wani tana iya kashe taka.

In ƙasa ce ta gaji, ban ga na biyun gawo ba. Halinsa ya sha bamban da na sauran itatuwa: damina na kamawa sai ya kaɗe ganye, da rani kuma ya yi kore. Lokacin da shuka ke neman rana ba ya tare mata, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki daidai sa'ad da ake buƙatarsa. A saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ba ƙasa, kuma saiwar can ƙasa take nutsawa, ba ta ƙwace wa shuka ruwa. Da rani dabbobi kan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a gindi. Je ka tsuguna a ƙarƙashin tsohon gawo ka ɗebi ƙasa a tafin hannu, za ka ji ta da laushi, ta yi duhu. Yi taku talatin gaba ka sake ɗiba, sai ka ga fara tana zurarewa ta tsakanin yatsu. Sai dai gawo na mai haƙuri ne. Yakan ɗauki shekaru kafin amfaninsa ya fito fili, awaki kuma ba sa raga wa ƙaraminsa, dole a yi masa kariya. A Zambiya, inda aka yaɗa shi a gonakin masara, ana ba shi tazarar mita 10, wato itatuwa 100 a hekta ɗaya.

Wanda ba zai iya jira ba, akwai gilirisidiya da lusina, wasu itatuwa biyu da aka shigo da su daga ƙasashen waje. Su ma suna ƙara wa ƙasa naitirojin, ga saurin girma. A jere ake dasa su, a yi shuka a tsakanin layuka, tsarin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi aiki a kansa tun shekarun 1970. In an bi da layukan a kwance a jikin gangare, suna tare ƙasar da ruwa ke kwasa. Amma suna son wurin da ruwan sama ya wadata, kuma aiki ne ja: in ka yi sakaci da sassabe, inuwarsu za ta danne shuka. Lusina kuma tana barbaza iri, ta tsiro inda ba a gayyace ta ba.

Itacen turare, wato eucalyptus, shi ne ya fi ruɗar masu saye, domin yana miƙewa da wuri, ga katako. Kada ka kuskura ka kai shi tsakiyar gona. Yana zuƙe ruwa sosai, shukar da ke kusa da shi kuma ba ta yin kirki. Darbejiya ma wurinta bakin iyaka ne, can take da rana. A kwarin Majiya da ke Nijar, tun 1975 aka fara jera ta layi bibbiyu don ta karya ƙarfin iska, ta hana rairayi binne ƙananan shuke-shuke. Irin wannan shinge yakan kare fili mai nisan tsawon bishiyar sau goma ko fiye.

Akwai kuma zaɓin da mai sayar da dashe ba zai faɗa maka ba, wato kututturan da ke cikin gonarka tun tuni. Kalgo, sabara, har gawon kansa, da yawa an sare su amma saiwarsu na nan da rai. Maimakon ka ƙone tohon, zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗa wannan dabara a yankin Maraɗi a 1983, kuma an ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Tohon kututture ya riga ya mallaki saiwa mai zurfi, ba ya neman ban ruwa, shi ya sa yake tsere wa dashen leda. Wannan nake so kowa ya fara gwadawa, sannan ya sayi abin da zai cike gurbi.

In ka tashi sayen, kar tsawo ya ja ka. Ɗaga ledar ka duba gindinta. In saiwa ta huda ta fito, ko ta nannaɗe kamar gammo, ajiye shi, musamman gawo, wanda rayuwarsa ta dogara ga saiwar nan guda mai nutsawa. Ɗauki gajere mai kaurin kara, wanda ya saba da rana. Ka jira ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙa sosai, ka dasa da yamma, ka yanke ledar ka cire ta gaba ɗaya kafin ka mayar da ƙasa.