Doguwar tafiya da yara a ƙasar waje: tuƙin dare ko na rana?

Iyaye sun sha tambayata wanne ya fi. Dare akwai sauƙi: ba cunkoso, yara sun yi barci, ba mai cewa "Baba, mun kusa?", kuɗin masaukin kwana ɗaya ma ya huta. Sai dai daga ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba gyangyaɗi ya fi kama direba, ga hanya baƙuwa, a Ingila ma ta hagu ake tuƙi. Da rana ido na ganin komai, amma tafiyar na ja, don duk awa 2 sai an tsaya an ciro jariri daga kujerarsa ya miƙe.

Dare ya dace da direbobi biyu masu karɓar juna. Wanda ke tuƙi shi kaɗai, gara ya bi rana.