Yaya, sule biyu da sisi na nan a Ingila

Salam Yaya, ya gida, ya su Hajiya, ya ƙarfin jikin Baba? Ka ce in ba ka labarin kayan Ingila, to haya da kuɗin wuta kam kar ma mu fara, sai dai a ce Allah Ya rufa asiri. Amma akwai abu ɗaya mai araha da ya zame min jaraba, tsofaffin littattafan yara.

Ummi ce sila. Na shiga shagon gwanjon Oxfam nan Lesta in samo mata abin karatu, sai ga ƙananan littattafan wani kamfanin buga littattafan yara, Ladybird, masu bango mai tauri a kwando, fam ɗaya ɗaya, na juya bayan wani na ga an buga 2/6, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, sule biyu da sisi fa, irin lissafin da Baba yake mana na kafin zuwan naira a 1973. Su nan a 1971 suka bar sule, to da ka ga wannan farashin ka san littafin ya girme ni. Ashe ma a Loughborough ake buga su da, minti kaɗan ne daga nan a jirgin ƙasa.

Yanzu ina da littattafai kusan arba'in, har da na Puffin, shi ma kamfanin littattafan yara ne. Abin da ya ɗaure min kai, wai rigar takardar nan da ake sa wa littafi, wadda mu muke cirewa mu yar, ita ce kuɗin. Ladybird sun daina sa ta a 1965, mai riga lafiyayya sai ya ninka tsirara sau nawa. Rubutun yaro a ciki kuma rage daraja yake, ni kuwa shi na fi so, ka ga sunan wata yarinya da fensir da shekarar da aka ba ta.

Da bazara mun je Hay-on-Wye a Wales, ƙauye ne amma ko ina shagon littafi, wani Richard Booth ne ya fara abin farkon shekarun 1960. A gindin tsohuwar ganuwarsu akwai kantoci ba mai tsaro, ka ɗauka ka jefa kuɗi a akwati ka wuce. Maman Ummi sai waige-waige take wai ko tarko ne.

Ba wai duk masu sayar da littafi a nan waliyyai ba ne fa. Na sayi wani ta intanet, mai shi ya rantse bugun farko ne, ya iso shafi biyu babu. Bambancinsu da gida kawai, na tura hoto, cikin sati aka dawo min da kuɗina, ba "ai ka gani ka saya".

To ga abin da ya sa na dame ka. Akwatin ƙarfen Baba na ɗakin zaure, akwai Magana Jari Ce tsohon bugun Zariya da muka yi ta karantawa da fitilar ƙwai. Na nema a nan har na gaji, babu. Don Allah ka duba kafin gara ko mai ƙosai su riga mu, ka sa a leda, kar a manna masa salatif ko ya yage. In Alhaji zai taso bayan sallah sai ya taho min da shi.