Sharhi kan fwupd: abin da ta gyara a kwamfutata da abin da ba aikinta ba

Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake shirya takardun masu Umra da ita a ofishinmu na Jidda tana aiki da Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, kuma ta daɗe tana ƙin farkawa idan na rufe murfinta muka tafi salla. Umarnin journalctl -b -p err, wanda ke fito da kurakuran da aka rubuta a kundin tsarin tun daga kunnawar ƙarshe, ya nuna mini layuka masu cewa "ACPI BIOS Error (bug)" tare da AE_NOT_FOUND. Ma'anarsu ita ce Linux ya nemi wani suna a cikin teburan ACPI, wato jerin bayanan sassan na'urar, da BIOS, manhajar da aka dasa a babban allon cikin kwamfutar (motherboard), ta miƙa masa, bai same shi ba.

Wannan ne ya kai ni ga fwupd, manhajar kyauta da Richard Hughes na Red Hat ya fara a 2015, wadda ke ɗauko sabuntawar BIOS da makamantanta daga rumbun intanet na LVFS, inda masu ƙera kwamfutoci ke ajiye fayilolinsu da kansu. Aikin bai wuce umarni uku ba, wato fwupdmgr refresh, da get-updates, da update. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ta ƙi taɓa BIOS sai da na jona caja, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe allon gaba ɗaya. Bayan kwamfutar ta sake tashi, matsalar farkawa ta kau, alhamdu lillahi, ko da yake wasu layukan ACPI suna nan har yau. Ba sa hana komai aiki, kuma hakan ba baƙon abu ba ne, tunda yawancin masu ƙera kwamfuta da Windows suke gwada teburansu.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya san iyakarta. Akwai wani layi da ke cewa an kasa loda fayil ɗin iwlwifi, na katin Wi-Fi, kuma fwupd ba ta da hannu a cikinsa, domin irin wannan fayil yana zaune ne a /lib/firmware, kunshin linux-firmware ne ke kawo shi. Sau da yawa ma direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, yakan fara neman sigar fayil ɗin da ta fi sabunta, idan bai samu ba ya koma kan wadda ke akwai, saƙon ya zauna a kundi alhali intanet na aiki lafiya.

Ina ba 'yan uwa shawarar su gwada fwupd kafin su kai na'ura shagon gyara, amma su fara duba fwupdmgr get-devices, umarnin da ke nuna sassan na'urar da fwupd ta gane, domin ba kowane kamfani ne ke saka fayilolinsa a LVFS ba, kuma tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu sau da yawa ba su da sabuntawa a can.