Gargaɗi ga masu manyan motoci: a kula da masu "saita mai" a ranakun kasuwa

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na direbobi ne da masu tirela, tifa da Kanta da ke ɗaukar lodi tsakanin Dawanau, Gujungu, Maigatari, Haɗeja da Wudil. Ni bakanike ne, injin gas nake gyarawa, kuma irin ɓarnar da ake janyo mana zuwa gareji tun bayan kaka ta kai inda shiru ba zai yi ba.

Akwai wasu mutane da ke bin ranakun kasuwa. Su biyu ko uku ne a ƙaramar mota, da kwamfutar hannu da jakar sifana. Ba su da gareji, ba su da maigidan da za a je a kai wa ƙara. Inda motoci ke jiran lodin riɗi ko shanu nan suke fakawa, kuma sun fi son motar da mai ita yake gida, direba da yaron mota kawai ke wurin. Maganarsu ba ta canzawa: "Oga, motarka tana shan mai fiye da ƙima, saitinta ne ya goce. Bari mu daidaita maka mai da iska, ta rage sha, ta ƙara ƙarfi." Tun 2022 da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, babu mai motar da zai ji wannan magana kunnensa bai motsa ba. Ban ga laifin wanda ya saurara ba. Amma abin da suke sayarwa babu shi a injin gas, kuma ga dalili.

A tsohuwar motar fetur mai kafireto, gaskiya ne ana cuɗa iska da mai kafin su shiga inji, kuma akwai kusar da ake murɗawa a daidaita su. Injin gas ba haka yake aiki ba. Iska zalla yake zuƙa ya matse ta har ta yi zafi, sannan nozul ta fesa mai a ciki ya kama da kansa. Idan ka taka totur, yawan man da ake fesawa kake ƙarawa. An ƙera shi ne a kan kullum iska ta yi rara, ta fi abin da man ke buƙata. Aikin turbo ke nan: hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya shi, fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, shi kuma ya danna ƙarin iska ciki don man ya ƙone tas. Saboda haka ƙarin ƙarfi daga ƙarin mai yake zuwa. Wanda ya ce maka kusa ɗaya za ta ba ka ƙarfi ta kuma rage maka sha, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana yaudararka.

A motocin da ke da famfon injekta na da, irin su tsofaffin Mercedes, MAN da DAF, kamfani ya riga ya ƙayyade iyakar man da famfon zai tura, ya ɗaure kusar da waya da hatimin dalma. Akwai kuma siririn tiyo da ya taso daga hanyar iska zuwa kan famfon. Shi ne ke sanar da famfon cewa turbo ya fara tura iska. Kafin nan famfon yana riƙe man, ba ya sakinsa duka. Waɗannan biyun su ne mutanen nan suke taɓawa. Su tsinke hatimin, su buɗe kusar, su lalata abin da ke riƙe man. Wasu har bawul ɗin da ke rage wa turbo matsi suke ɗaurewa. Sai su ce wa direba ya zagaya ya ji. Motar ba kaya, ga mai ya ƙaru, dole ta yi tsalle. Direba ya dawo yana murna, ya biya.

Baƙin hayaƙin da ya biyo baya kuwa, cewa suke yi datti ne yake fita, zai daina. Ba datti ba ne, kuɗinka ne. Duk wanda ya taɓa cunkusa wa murhu itace har iska ta rasa hanyar shiga ya san abin da ke fitowa. Man da bai ƙone da kyau ba shi ke zama wannan hayaƙi, wani ya gangara ta gefen ringi ya shiga baƙin mai ya tsinka shi.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi, domin shi direba ba ya ganinsa. Allurar da ke gabansa zafin ruwan lagireto take nunawa, ba zafin wutar da ke cikin silinda ba. Yawancin fistin ɗin waɗannan injuna na alminiyon ne, shi kuwa alminiyon yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin nan ya fara laushi. Ka ɗora wa motar tan 30, a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ta kama hawa mai tsawo direba ya danne totur. A nan kan fistin ke cinyewa, ringi ya maƙale, gasket ya ƙone, turbo ya fara zubar da mai. Kuma ba a kasuwar da aka yi aikin abin yake faruwa ba. Sai an yi nisa, a hawan Jos ko bayan Lakwaja, da shanu a baya suna galabaita ko tumatir yana ruɓewa. Na ga dattijon da ya sayar da gona ya sayi tifa, aka janyo masa ita inji a buge, yana tsaye a bakin gareji ya kasa cewa komai. Kuɗin da aka karɓa a hannun direbansa bai kai na cika tanki ba, gyaran kuwa sai da ya ci abin da motar ta tara masa a shekara.

Ga sababbin motoci masu birenbokis, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, salon mutanen nan daban ne. Wani ƙaramin akwati suke soka wa a soket ɗin da ake jona kwamfuta, yana ƙyaftawa kore da ja, su ce yana koyon tuƙinka ne. Na fasa irinsa, babu komai ciki sai 'yar fitila da abin da ke kunna ta. Wannan kuɗi kawai ya ci. Mai haɗarin shi ne wanda ake haɗawa da sensar bututun mai, yana yi wa birenbokis ƙaryar cewa matsi ya yi ƙasa, shi kuma ya ƙara. Matsin man irin waɗannan injuna yana kai bar 1,600 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), har yakan huda fatar mutum idan bututu ya tsage, don haka kada yaron mota ya sa hannu wurin inji yana aiki. Akwai kuma maganaɗisun da suke ɗaurawa a tiyon mai. Gas ba ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba ya yi masa komai.

Sai sata a fili. Wasunsu cewa suke yi sai sun kwance nozul sun wanke, su aiki yaron mota sayo ruwa, su mayar da tsofaffi su tafi da masu kyau. 'Yan uwana direbobi, na san wasu ana yi muku tayin a rubuta wa maigida kuɗi sama da abin da aka biya a raba. Ku ji tsoron Allah. Motar amana ce, kuma ranar da ta tsaya, abincin gidanku ne ya fara tsayawa kafin na Alhaji.

Idan da gaske motarka ta ƙara shan mai, dalilin yana nan kusa, kuma yawanci mai sauƙi ne. Ƙurar hunturu tana toshe iya kilina, wato matatar iska, cikin ɗan lokaci a hanyoyinmu na burji. Tiyon intakula, mai sanyaya iskar turbo, yakan tsage iskar turbo ta riƙa zurarewa, za ka ji fito idan ka taka. Nozul takan gaji ta riƙa ɗiga maimakon feshi. Ga gas ɗin gefen hanya da aka gauraya da kananzir ko ruwa, ga tayar da ba iska, birkin da ke riƙewa, lodin da ya wuce ƙima. A fara da waɗannan. In kuma famfon ne da kansa, kwance shi ake yi a kai wa masu injin gwaji a cikin Kano, a auna abin da kowace silinda take samu, a mayar da hatimi. Ba a yin wannan aiki a ƙarƙashin bishiya da kunne. Hanyar sanin gaskiyar sha kuma ita ce ka cika tanki, ka yi tafiyar da ka saba da lodin da ka saba, ka sake cikawa ka ga lita nawa ta shiga.

Masu motoci, ku leƙa famfonku yau ku ga ko hatimin yana nan, ku ɗauki hotonsa a waya, ku gaya wa direba cewa ba mai taɓa wurin sai da saninku. Wanda aka riga aka yi wa aikin kada ya sake ɗaukar lodi sai an mayar da saitin an kuma canza baƙin mai. Idan mutanen nan suka zo tasharku, ku rubuta lambar motarsu, ku sanar da shugabannin ƙungiyar direbobi da mai unguwa, a kai maganar ga 'yan sanda. Kada a taɓa lafiyarsu. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da mota a hanyar Gumel, Ringim ko Birnin Kudu.