Tafiyar Gembu a Agusta: takalmin ruwa ko kambas, laima ko rigar ruwa?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: zai hau tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda garin Gembu yake, a watan Agusta, kwana biyar, har ya leƙa gonar shayi ta Kakara. Wane takalmi zai saya, kuma laima ta ishe shi?

Malam, Agusta tsakiyar damina ce a can, ga ruwa ga hazo. Tsaunin ya haura mita 1,500, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Jiƙewar da ba za ta dame ka a Jalingo ba, a Nguroje sai ta sa ka kyarma.

Mu fara da ƙafa, don nan aka fi shan wuya. Jar ƙasar tudun idan ta sha ruwa santsi gare ta kamar an zuba karkashi. Takalmin ruwa na roba yana tare laka har ƙwauri, ka ɗauraye shi cikin minti ɗaya, ga araha. Illarsa, ba ya riƙe idon sawu, gumi na taruwa ciki, kuma a gangara ƙafa kan zame gaba, yatsu su riƙa dukan bakin takalmin har bororo ya fito. Maganin haka: sayi wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya, ka sa safa biyu, siririya ciki, mai kauri waje.

Kambas ba nauyi, kuma in ƙasansa na da haƙora masu zurfi ya fi kama ƙasa. Amma da ya jiƙe shi ke nan, a wannan danshin sai ya kwana biyu bai bushe ba. Cusa masa tsohuwar jarida da dare, ka sauya ta in ta jiƙe. Kada ka kanga shi jikin wuta, gam ɗinsa zai saki. Don zagayen gona da hanyoyin ƙauye, mu takalmin ruwa muka zaɓa. Mai nufin doguwar hawa irin ta Chappal Waddi, mai mita 2,419, takalmin hawan dutse ya kamace shi.

Laima kuwa ta cikin gari ce. Saman tsaunin fili ne na ciyawa, iska na koro ruwan ta gefe, ta juye laimar, kuma a kan babur ba ta da amfani sam. Nemi rigar ruwa mai hula da wandonta, ko mai faɗin nan da ke rufe mutum har jakar bayansa. Ita ma tana haɗa gumi, don haka sa riga marar nauyi a ciki lokacin hawa, suwaita ta jira sai ka tsaya.

Bar wandon jins a gida, auduga in ta jiƙe riƙe sanyi take yi. Safa shida, suwaita ɗaya, hular sanyi, tocila. Shimfiɗa babbar leda a cikin jaka kafin ka zuba kaya, ka ware kaya kala ɗaya a ƙulle don kwana kawai. Waya da takardu su samu tasu ledar.

Sannan ka tsara tafiya yadda za ku fara hawa daga Mayo Selbe, garin da ke gindin tsaunin, da rana tsaka, don kwanonin hanyar ba na dare ba ne, balle in hazo ya sauko.