Matakalar ɗakin ƙasa: ta falo ko ta tsakar gida?

A Damagaram, mai son ɗaki a ƙarƙashin ƙasa sai ya fara duba filinsa. Garin kan dutse yake zaune, wanda ya zaga tsohuwar unguwar Birni ya sani, kuma fasa dutse kuɗi ne. In fili ya yarda, sai a zo kan inda matakala za ta sauka, don ita ke juya tsarin gidan duka.

In an sa ta cikin falo, ɗakin ƙasa ya zama wurin zama. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, nan iyali za su gudu su yi ƙailula. Ruwan Agusta ba ya samun hanyar shiga, kunama ma sai ta sha wuya. Amma matakalar tana cin falo sosai, kuma dole a yi mata ƙofa saboda yara masu rarrafe. Tagogin iska kuwa ba a wasa da su, sai an ɗaga su sun haura doron ƙasa, in ba haka ba ɗakin ya yi warin raɓa.

Ta tsakar gida ta fi dacewa da ma'aji. Buhun gero da albasa su sauka kai tsaye kusa da madafa, ba a ratsa ɗakin baƙi da ƙura. Matsalarta ruwa: sai an yi mata rumfa da dakali mai tsayi.

Ni dai ta falo zan zaɓa. Gero ya zauna a sito, ba don shi zan fasa dutse ba.